Kawu, zan iya ɗura harsashi da kaina saboda gyazbin da ya addabi gonata a Epe?

"Assalamu alaikum Kawu, barka da ƙoƙari. Ni mazaunin Agege ne, ina sana'ar kayan gwari a Mile 12, amma shekara biyu kenan na kama hayar gona eka uku ta wajen Epe ina zuba masara da rogo. Gyazbi ya hana ni sakat, bana kusan kashi ɗaya cikin uku na masarar ya kwantar. Ina yawan kallon Turawa a YouTube suna ɗura harsashin ƙananan raifil irin su .223 da .22 Hornet a gida da hannunsu, suna harbe dabbobin da ke musu ɓarna daga nesa. An ce min ka zauna a Amurka kuma ka yi wannan aikin. Dan Allah ya ake yi, me da me zan saya, kuma zan iya narka dalmar tsohon batir in yi kan harsashin da ita?"

Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya mayar da alheri, ya sa albarka a abin da ya rage. Wanda bai taɓa shiga gona da sassafe ya tarar da masarar da ya kashe wa kuɗin taki a kwance ba bazai gane zafin da kake ji ba, ni na gane, shi yasa na zauna zan baka amsa doguwa. Idan na fahimce ka tambaya uku ce ka dunƙule waje ɗaya, wato menene wannan ɗurin harsashin da kake gani, shin za ka iya yinsa a nan Legas, sannan wadda baka faɗa ba amma ita ce uwar tambayar, ya za a yi gyazbi ya bar maka masara. Zan faɗa maka tun yanzu kar ka wahala da karatu kana jiran awo, bazan rubuta maka nauyin hoda ko yadda ake haɗawa ba, kuma in ka biyo ni har ƙarshe za ka ga ba rowa bace.

Eh gaskiya ne na yi aikin. Lokacin da nake karatun noma a Amurka ina zuwa hutu wajen wani dattijo makiyayi a yammacin jihar Nebaraska, shi ya koya min, a ɗakin ƙasa na gidansa, kuma a can doka ta yarda mutum ya ɗura wa kansa. Na so aikin sosai har yau ina sonsa, aiki ne na natsuwa irin na mai gyaran agogo. Tun da na dawo gida ban sake taɓa shi ba ko sau ɗaya.

Abin da suke yi a bidiyon

Harsashin raifil abu huɗu ne a haɗe. Akwai kwanson tagulla, akwai ɗan ƙaramin maɓalli a gindinsa da suke kira faraima wanda shine ƙyastun da ke tada wuta in allurar bindiga ta doke shi, akwai hodar da ke ci da wuta, sai kan harsashin da ke fita. In an harba, uku sun tafi, kwanso ne kawai ke saura, to shi kuma kwanson nan shi yafi tsada a cikinsu, shine mutane suka ga ai asara ce a zubar, sai su tsince shi su wanke su mayar da shi girmansa na asali da injin matsi su sake cika shi. Wannan shine ɗurin. Kuma ba kowane harsashi ke ɗuruwa ba, irin su .22 LR da .17 HMR ƙyastunsu a cikin leɓen kwanson yake, in an harba sau ɗaya shikenan sai bola.

Dabbobin ɓarnar nan su a can bamint suke ce musu, kuma saboda su aka ƙirƙiro jerin harsasai masu ƙaramin kai da gudun tsiya. .22 Hornet ɗin da ka ambata tsoho ne, tun 1930 Winchester ta fara sayar da shi, ba shi da ƙara sosai shi yasa manoma masu maƙwabta ke sonsa. A 1935 aka fito da .220 Swift wanda ya haura ƙafa 4,000 a daƙiƙa ɗaya, amma yana cinye bututun bindiga da wuri. .222 Remington ya zo a 1950 ya yi suna wajen daidaiton saiti, har ɗan'uwansa .223 ya shigo kasuwa a 1964 ya danne shi, shi .223 ɗin tagwaye ne da harsashin sojan NATO mai lamba 5.56, ka riƙe wannan za mu dawo kansa. Dattijon nan nawa shi .22-250 yake riƙewa, wanda Remington ta mayar na kamfani a 1965, yana cewa na baya-bayan nan irin .204 Ruger na 2004 na yara ne. Duk waɗanda suka fara da .22 ɗin nan kaurin kansu ɗaya ne, bai kai milimita 6 ba, bambancin yana girman kwanso da yawan hodar da yake ɗauka.

To me yasa suke wahalar ɗurawa alhali ga shi a shago? Sai ka ga filin ne za ka gane. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya ba itace ba gida, ka tsaya ka hango kilomita da yawa ba abin da ya tare maka ido, a ciki akwai wata dabba mai kama da kurege da ke haƙa ramuka gari guda, sunanta in ka fassara karen fili ne saboda kukanta kamar haushi, makiyaya na ƙorafin tana cinye musu ciyawar shanu. Da rana tsaka take fitowa ta tsaya a bakin rami, girmanta bai wuce kwalbar lemo babba ba, kuma bata bari ka matso, sai daga mita 200 ko 300 ko fiye. Mutum zai kafa tebur ya zauna da tabarau ya yi harbi ɗari biyu ko uku a wuni ɗaya. Kaga mai irin wannan harbin abu biyu ke damunsa, kuɗin harsashi da kuma daidaito, don a nisan nan kuskuren da bai kai faɗin yatsa ba a mita 100 ya isa ya sa ka kuskure. Kowace bindiga kuma da halinta, biyu daga kamfani ɗaya a rana ɗaya aka ƙera amma abin da wannan ke so wancan bata so, to mai ɗuri yana zama ne ya yi ta gwaji har ya gano abin da tasa ke so. Wata da watanni ake yi ana rubutawa a littafi.

Inda haɗarin yake

Abin da bidiyo baya nuna maka shine matsin da ke cikin bututun lokacin da hoda ta kama. Tayar motarka iskar da ke ciki 30 zuwa 35 ce a ma'aunin da masu faci ke amfani da shi, to a wannan ma'aunin dai iyakar da hukumar masu ƙera makamai ta Amurka, SAAMI, ta sa wa .223 shine 55,000, kuma wannan abin yana faruwa ne tazarar tafin hannu daga idonka. Hodar ana auna ta ne da wani ma'auni da ake kira giren, giren ɗaya wajen kashi 65 cikin 1,000 na giram ne, sikelin kuma sai mai iya rarrabe kashi ɗaya cikin goma na giren ɗin. A ƙananan kwanso irin Hornet abin yafi tsanani don wurin kaɗan ne, ɗan ƙarin da idonka bazai ma gani ba ya isa ya tsallakar da kai daga lafiya zuwa haɗari. Sannan hodar kanta kala-kala ce sun fi ɗari, wata na ci da sauri wata a hankali, a ido wasu kamarsu ɗaya, wanda ya zuba ta ƙaramar bindigar hannu a kwanson raifil bam ya haɗa ba harsashi ba. Shi yasa ba mai hankalin da ke ɗaukar awo daga bakin wani ko daga intanet, littattafan kamfanoni irin Hornady da Sierra da Lyman ake bi, su ma don suna da ɗakin gwaji mai na'urar auna matsi ne, kuma awon da suka rubuta na wannan hodar ne da wannan faraimar da wannan kan, ka canza ɗaya lissafi ya rushe.

Bari in baka abin da ya faru da ni. Akwai wasu da na ɗura a cikin hunturu, lokacin ƙanƙara ta rufe ko'ina, na gwada su lafiya lau saiti kamar me. Na ajiye sauran sai da bazara ta yi muka fita fili, rana ta take, akwatin yana kan tebur cikin rana tun hantsi. Harbi na uku na zo ɗaga sakatar bindigar naji ta ƙi, sai da na sa ƙarfi. Dattijon nan yana gefe bai ce komai ba ya miƙo hannu ya karɓi kwanson, ya juya gindinsa ya nuna min, faraimar ta baje ta yi fale-fale kamar an daka ta da guduma, ga wani ɗan tabo mai sheƙi a kan rubutun gindin inda matsi ya fara lotsa tagullar tana shiga ramin sakata. Ya rufe akwatin ya saka a mota yace yau ka gama. Da daddare ya sa na warware su ɗaya bayan ɗaya, sun fi tamanin. Ban ƙara ko ƙwayar hoda ba fa, awon littafi ne, zafin rana kawai ya ɗaga matsin. To ka auna wannan da Legas, inda zafi da laima basa ɗagawa, gishiri ma a kicin narkewa yake, ƙarfe ka ajiye sati biyu ya yi tsatsa, ɗaki ɗaya ga yara ga risho ga janareto a bakin ƙofa.

Kuma ba yawan hoda kaɗai ke kisa ba. In ka manta baka zuba ba, faraima ita kaɗai tana iya tura kan harsashin ya maƙale a tsakiyar bututu, ka sake harbi a bayansa bututun ya tsage. Kwanso ma yana tsufa, duk harbi yana ƙara tsawo yana sirancewa ta gindi, wata rana ya rabe biyu iskar wuta ta dawo maka fuska.

Maganar dalmar batir kuwa dan Allah ka cire ta a ranka gaba ɗaya. Na farko ma bazata yi aiki ba, kan irin waɗannan harsasan riga gare shi ta jan ƙarfe, dalma tsirara bata jure wannan gudun, shafewa take a cikin bututu. Na biyu kuma wanda yafi damuna, dalmar batir akwai asid da wasu gurɓatattun ƙarafa a jikinta, hayaƙinta da ƙurarta guba ne, kuma yara ta fi kamawa. Mu da muka ga abin da gubar dalma ta yi a ƙauyukan Zamfara a 2010, yara sama da 400 suka rasu saboda ana daka dutsen zinare a cikin gida, bai kamata a ce wani namu ya ɗora tukunyar dalma a tsakar gidan haya a Agege ba.

Nasan wani zai ce ai maharbanmu na gida tun kaka da kakanni suke ɗura bindigar toka da hannu. Gaskiya ne, amma albarushin gargajiya daban hodar zamani daban, ita ta zamanin da bata hayaƙi sai a 1884 aka ƙirƙiro ta a Faransa kuma ƙarfinta ya ninka na albarushi nesa ba kusa ba. Na san wani maharbi a garinmu, mutumin kirki, wani ya bashi harsashin zamani ya farke ya juye hodar a adakarsa yana ganin zata ƙara masa nisa. Bututun famfo ne aka yi bindigar da shi. Yau hannunsa na hagu yatsa biyu ne, kuma ya gode Allah da ido ya tsira.

Dokar ƙasa

Ko da ace duk haɗarin nan babu, a Najeriya ƙofar a rufe take. Ni ba lauya bane, in kana son fassarar doka dalla-dalla ka samu lauya, amma abin da ke rubuce a Dokar Makamai ta 1959, wadda ke babi F28 na kundin dokokin tarayya na 2004, a fili yake. Ta raba bindigogi gida uku, akwai haramtattu irin na soja da fistol waɗanda sai da lasisin shugaban ƙasa, akwai na ƙashin kai irin bindigar farauta mai katirij da raifil ɗin farauta waɗanda sai da lasisin Sufeto Janar na 'yan sanda, sai na gargajiya masu ɗuri ta baki da ke ƙarƙashin kwamishinan 'yan sandan jiha. Har bindigar iska, wadda mutane ke ɗauka abin wasa ce, tana gida na biyu, sai da lasisi. Harsashi kuma baka da ikon riƙe shi sai kana da lasisin bindigar da yake shiga, kuma a ma'anar dokar ɓangaren harsashi ma harsashi ne, wato kwalin faraima ko jakar kwanso in aka same ka da su maganar ɗaya ce. Sannan ta hana kowa ƙera ko harhaɗa bindigar zamani ko harsashi sai a ma'ajiyar makaman gwamnati ko masana'antar da aka kafa domin sojoji, irin aikin da DICON ke yi a Kaduna tun 1964, hukuncin wanda ya karya wannan ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba ne. Kaga ko mai lasisin raifil na halal bashi da izinin zama a ɗaki ya ɗura, sayen na kamfani kawai aka yarda masa ta hannun dila mai rajista. Lasisin ma a 2023 rundunar 'yan sanda ta sanar da dakatar da bada sabo.

Kayan aikin kuma fa daga ina? Ba a yin hodar nan ko faraima don kasuwa a ƙasar nan, sai dai a shigo da su, shigowar kuma sai da izini, ba kaya bane da za ka yi oda ta intanet a saka maka a kwali. Tun bayan da kwastam suka kama bindigogi 661 a nan Legas a watan Janairun 2017 ido yake kan tashar Apapa da Tin Can. Duk wanda ya ce maka zai samo maka ta bayan fage, ko dai ɗan damfara ne, ko tarko ne, ko kuma hanyar da 'yan bindiga ke samun nasu ce zai jefa ka ciki.

Ga kuma maganar da dole in faɗa maka a matsayin uba. Kai Bahaushe ne a Legas, kana bin hanyar Ikorodu zuwa Epe da buhuna a mota, shingen bincike nawa kake wucewa? A halin da ƙasa ke ciki na garkuwa da mutane, a buɗe buhunka a ga kwanson .223, wanda na ce maka a ido ba shi da maraba da na soja, wa zai tsaya ya saurari labarin gyazbi? Kafin gari ya waye hotonka ya zaga Facebook, kuma ba kai kaɗai zai shafa ba, duk ɗan Arewa mai neman halal ɗinsa a Mile 12 da Agege da Idi-Araba sai ya ji a jikinsa. Mun sha ganin yadda ƙaramar magana ke zama rikicin ƙabila a kasuwannin nan. Wallahi masarar eka uku bata kai wannan ba.

Shi gyazbin kansa

Yanzu mu ɗauka ma an baka lasisi an baka raifil ɗin kyauta, ni ina gaya maka bazata raba ka da gyazbi ba, don ba irin dabbar da aka yi ta dominta bace. Gyazbi, wanda Yarbawa ke ce wa oya, da dare yake fita, cikin ciyawa mai duhu yake rayuwa kusa da fadama ko rafi, baya tsayawa a fili ya ɗaga kai kamar na Nebaraska. A gonar Epe da damina in ka hango mita 20 ka yi sa'a. To me za ka yi da harsashin da aka yi don mita 300? Abin da zai faru shine ka yi harbi cikin duhu inda baka san me ke baya ba, shi kuma .223 in ya wuce bai samu abin da ya tare shi ba yana iya tafiyar kilomita 3, ko ɗan .22 LR da ake rainawa a jikin kwalinsa an rubuta yana da haɗari har sama da kilomita 2. Wajen Epe yanzu ina ne babu mutane? Ga masu yankan filaye, ga masu kamun kifi, ga mai shigowa gona da asuba, ga bukkar mai gadi. Sannan garke suke, namiji ɗaya da mata da 'ya'ya, macen tana ɗaukar ciki wajen wata biyar ta haifi kamar huɗu, ka kashe biyu yau wasu su shigo daga fadamar gobe tunda abinci na nan kuma hanya a buɗe take.

Abin da nake sa manoman da nake dubawa gonaki su fara yi shine su tabbatar ma gyazbin ne. Ka shiga da safe ka duba karan da aka kwantar, gyazbi yana yanke shi ne daga ƙasa a karkace kamar an sa wuƙa mai kaifi, ya bar guntaye a tare wuri ɗaya inda ya zauna ya ci, ga kashinsa dogaye kamar ƙwallon dabino ƙanana da ɗan tsagi a jiki. In kuwa rami ka gani an tone rogo ta ƙasa an ja an tafi da shi, wannan aikin gafiya ne, in zangarniya aka ɓare a sama kuma ka nemi biri ko tsuntsu ko ɗan Adam. Kowanne maganinsa daban. In ka tabbatar, ka bi sawun, za ka ga wata 'yar hanya kamar rami a cikin ciyawa inda suka tattake, kullum ita suke bi, kuma kusan ko yaushe daga ɓangaren ruwa take fitowa.

Akwai wata gona ta wajen Ikorodu da na duba, mai ita har ya yanke shawarar barin masara. Muka zaga da shi muka samu hanyoyi biyar duk a gefe ɗaya, gefen da ciyawa ta haɗe da fadama har cikin kunya. Abu na farko muka sa aka share ciyawar gefen nan faɗin taku biyar aka bar shi ƙasa tsirara, don gyazbi baya son ratsa fili, kuma sharewar ba sau ɗaya bace, duk sati biyu zuwa uku sai an koma tunda ka san ciyawar kudu. Na biyu muka ja shinge a gefen kaɗai, ba duk gonar ba don kuɗin bazai yiwu ba, ragar waya mai kauri tsayin ƙugu, muka binne gindinta kamar taƙi ɗaya, inda raga ta ƙare muka ƙarasa da tsohon kwanon rufi da gora. Kar ka sayi ragar kaji mai laushin nan, haƙorinsa yana datse ta. Na uku, kuma nan dabarar take, ba mu toshe hanyoyin duka ba, mun bar ƙofa a daidai inda suka saba bi muka ɗana tarko a kowace, wannan ba sabon abu bane manoman shinkafa a kudu sun daɗe suna yi da shingen gora. Satin farko ba a kama komai ba har mutumin ya fara ƙorafi, sati na biyu aka fara, kuma ɓarnar ta ragu sosai duk da bata ƙare ƙaf ba, gaskiya bana taɓa yi wa manomi alƙawarin zata ƙare ƙaf in gonarsa na jikin fadama.

Tarkon ni na fi son na keji mai rufewa, maƙeran Agege ko masu walda za su haɗa maka in ka kwatanta musu, ka sa guntun rake ko ɗanyar masara da ɗan gishiri, ka bar shi kwana biyu uku a buɗe ba a ɗana ba su saba da shi tukuna. Amfanin keji shine baya karya ƙafar yaro ko akuyar maƙwabci kamar tarkon ƙarfe mai haƙora, kuma kana samun dabbar da rai, ita kuwa a kudu kuɗi ce, masu kiwon gyazbi na nema masu sayar da naman daji ma na nema, kaga ka rage asarar taki. Hukuncin cin namansa ko cin kuɗinsa wannan ka tambayi malaminka, ba fagena bane. Duk safiya a duba tarko, kar a bar dabba ta kwana biyu tana wahala a ciki, ko ɓarna take yi tana da haƙƙi.

Sannan ka je ka gaida baale, wato mai garin ƙauyen da gonarka take, ka ce a haɗa ka da maharban garin. Suna da ƙungiyarsu, suna da karnuka, sun san dajin tun suna yara, kuma su hukuma ta san da su. Sau da yawa ba sai ka biya da yawa ba tunda naman nasu ne. Wannan gaisuwar ma kanta kariya ce gare ka, baƙon da ya shigo ta hannun mai gari daban yake da wanda aka gani da dare yana yawo da tocila a daji. In maƙwabtan gonarka ma suna kuka da shi ku haɗa kuɗi ku share gefen fadamar tare, don in kai kaɗai ka share daga gonar wancan za su zagayo.

Abu biyu kar ka yi. Kar ka sa guba, ko Sniper ko garin maganin ƙwari da ake barbaɗawa a masara, don wanda ya mutu a daji wani zai tsince shi ya ƙyafe ya kai kasuwa mutane su ci, banda karnuka da kaji da ruwan fadamar da ake kamun kifi. Kar kuma ka cinna wa ciyawar wuta, gonar haya ce, in ta tsallaka gonar wani shari'ar da za ka shiga ta fi ta gyazbi. In kuma tarkonka ya kama ƙananan ɓeraye kar ka taɓa da hannu tsirara, ka sa leda ko safar hannu ka binne, saboda zazzaɓin Lassa ta fitsari da kashin ɓera ake ɗaukarsa.

In kuma sha'awar harbin ce kanta ta kama ka, ba laifi bane, ni ma ta kama ni ina saurayi, harbin saiti wasa ne da ake yi har a gasar Olamfik, sai ka nemi inda ake yinsa da izinin hukuma ƙarƙashin mai koyarwa, ba ɗakin haya ba.

Ban ga gonarka ba, duk abin da na faɗa kan shinge da tarko daga gonakin da na taka ne, taka tana iya bambanta. In ka je wannan satin ka ɗauko min hoton karan da aka yanke da kashin da ka gani a wurin, ka kuma duba min ta wane gefe ruwa yake da tsawon gefen da taku, sai mu lissafa ragar da zata ishe ka kafin shukar gaba.